Robar da ke hannuna da zazzaɓin da ya ƙi tafiya

Mai wankin ƙoda abu biyu ke hana shi barci. Na farko kuɗi, wannan kowa ya sani. Na biyu kuwa sai wanda ya shiga ciki: ƙofa. Ta ina za a ja jinin, ta ina za a mayar? Injin wanki yana son wajen mililita 300 na jini a kowane minti, a jere har awa 4. Jijiyar da ake soka wa allura a ɗebi jinin gwaji ba za ta iya ba, ana fara ja za ta manne. Dole a yi wa jikinka ƙofa ta musamman, kuma ranar da ta toshe, ko kuɗinka buhu-buhu ne babu wanki.

Ni tela ne, hawan jini ne ya cinye mini ƙoda ba sallama. Da katetar wuya na fara, wato bututun da ake zurawa cikin babbar jijiyar wuya, kamar kusan kowa a ɗakinmu na wanki, ɗakin da ba ka rasa mutanen Gashuwa da Nguru da Haɗeja a cikinsa, don ciwon nan ya yi wa wannan yankin katutu. Kateta ta wucin gadi ce. Abin da likitoci suka fi so shi ne fistula: a haɗa jijiya mai harbawa da wadda ke mayar da jini zuciya, a bar ta makonni tana buɗewa tana ƙarfi har ta iya ɗaukar allura. Wasu likitoci a Amurka, Brescia da Cimino da abokan aikinsu, suka fito da dabarar a 1966, kuma har yau ba a sami wadda ta fi ta ba, saboda naman jikinka ne, babu baƙo a ciki. Sai dai tana son jijiya mai lafiya. Da likitan tiyata ya ɗora mini na'urar hoto a hannun hagu, ya daɗe yana yawo da ita sama da ƙasa kafin ya ce, “Malam, wa ya gama maka da jijiyoyi haka?” Shekarun ƙarin ruwa ne da allurai, a asibiti da kemis da gida. (Duk wanda aka ce masa ƙodarsa ta fara rauni, ya riƙa roƙon masu ɗiban jini su tsaya a bayan tafin hannu, su bar masa sauran. Wata rana su ne jarinsa.)

Sai aka koma kan roba, wadda za ta tsaya a madadin jijiyar a riƙa soka ta. Ya miƙo mini wani guntu na nuni in taɓa: farin bututu mai laushi, faɗin bakinsa milimita 6. Asalinsa Teflon ne, sinadarin da ake shafe cikin kaskon suya da shi don kada abinci ya kama. A 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano cewa in aka fizge shi da zafinsa yana miƙewa ya cika da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, daga nan aka sami irin wannan robar da ake kira Gore-Tex. Ɗaya nau'in, Dacron, wanda aka fi sa wa manyan jijiyoyin ciki da ƙirji, shi kam yadi ne sosai, foliyesta, saƙa shi ake yi. Michael DeBakey, shahararren likitan zuciya, a kan keken ɗinkin matarsa ya ɗinka na farkon da ya gwada, a shekarun 1950. Na sha ba abokan sana'a wannan labarin a shago, don su san keken nan da muke takawa ba ƙaramin abu ba ne.

Aka yi aikin. Aka binne robar a ƙarƙashin fata tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ta gangara ta lanƙwaso ta dawo, baki ɗaya a ɗinke da jijiya mai harbawa, ɗayan da ta komawa. Da kumburi ya saɓe aka fara soka ta. In ka ɗora yatsa za ka ji tana zirrr ba tsayawa, kuma an ce in taɓa kullum da asuba, ranar da ban ji ba in taho a guje. Ba a awon jini a hannun, ba agogo, ba kwanciya a kansa, ba ɗaukar dila. Na farke hannun hagun rigunana na buɗa su da kaina. Aka zare katetar wuya, na sheƙa ruwa tun daga ka, abin da na yi watanni ban yi ba. Fiye da shekara ni da robar nan lafiya lau.

Amma a riƙe wannan lissafin. Kowane wanki allura biyu ne masu kauri, ɗaya ta ja ɗaya ta mayar. Mai zuwa sau 2 a mako, kamar yawancinmu da aljihu ya taƙaita, huda 208 ke nan a shekara. Mai sau 3 kuwa 312. Kowace huda ta fata take bi kafin ta shiga roba, ita kuma fatar ɗan Adam, komai tsaftarsa, ba ta rabuwa da ƙwayoyin cuta. Ƙa'ida ita ce a riƙa sauya wurin huda ana bin tsawon robar. Amma inda aka saba soka ya kan mutu ya daina zafi, marasa lafiya da yawa nan suke nunawa, ma'aikaciyar da ke da mutum takwas a gabanta kuma nan ya fi mata sauƙi.

Ana cikin wanki wata rana, ba a daɗe da kunna inji ba, sai sanyi ya turnuƙe ni. Haƙorana suka riƙa haɗuwa, gadon na karkarwa tare da ni. Sista ta lulluɓa mini bargo, ta sa ma'aunin zafi ta duba ta yi shiru. A ƙasar nan kowane zazzaɓi maleriya ne har sai ya kawo shaidar cewa ba ita ba ce. Aka gwada, aka ga ɗan abin da ba a rasa ba, aka ba ni magani. Ya lafa, ya dawo. Aka ce taifot, aka yi mini allurai. Ya lafa, ya dawo. Da aka ɗebi jini don a shuka a ga abin da zai tsiro, ba abin da ya tsiro, don jinin cike yake da maganin da aka riga aka ba ni. Ban kwanta rijif ba, abin da ya sa lamarin ya yi tsawo ke nan. Ina zuwa shago, amma abinci ya fita raina, na rame, jinina kullum ƙasa duk da allurar ƙarin jini mai tsada da nake saye.

Sannan wani wuri a kan robar ya yi ja, ya ɗan tasa, in an danna da zafi. Nan likitan ƙoda ya daina zancen sauro. Ya rubuta vankomaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana sa mini a ƙarshen kowane wanki. Wannan maganin ƙoda ce ke fitar da shi, mu da ba mu da ita yana zama a jikinmu har wanki na gaba, wannan ce ribar ciwon ɗaya tilo da na gani. Cikin 'yan kwanaki jan ya dushe, sanyi ya ɗauke, na nemi tuwo da kaina. Aka kammala makonnin da aka ɗiba, muka yi hamdala, uwargida har da sadakar ƙosai. Ba a jima ba sanyin ya dawo, a kan inji, daidai lokacin da ya saba.

'Yar ƙanwata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wata jiha. Ta zo dubiya, ta karɓi takardun asibitin ta jera su a kan tabarma bisa kwanan wata.

“Kawu, ka lura? Duk lokacin da kake kan magani lafiyarka ƙalau. Ana tsayawa sai ya dawo.”

“To jabu aka sayar mana ke nan.”

“A'a, Kawu, maganin yana aiki. Yana kashe waɗanda ke yawo a jini. Waɗanda suka zauna a kan robar ne bai iya da su ba.”

Ta ce in tuna randar da aka kwana biyu ba a wanke ba. Ruwan garau, amma in ka shafa cikinta sai ka ji santsi, kuma ko ka zubar ka zuba sabo santsin na nan, sai an sa soso an dirje. Wannan santsin ƙwayoyin halitta ne da suka manne suka lulluɓe kansu da yauƙin da suka fitar, shi likitoci ke kira bayofim. Tawa randar tana ƙarƙashin fata, jini na gudu a cikinta, babu hannun da zai kai mata soso.

Awa 4 a kwance da waya a hannun dama lokaci ne mai yawa. Na shiga karatu, abin da ya shige mini duhu in tura mata ta warware.

Ana sa roba a jiki, cikin mintuna furotin na jini ke shafe ta, musamman irin wanda ke sa jini daskarewa. Daga nan tsere ya fara, yadda wani likitan ƙashi na Amurka, Anthony Gristina, ya siffanta shi a 1987: naman jikinka na son ya kama bangon robar ya shige ƙofofinta ya mai da ita tasa, ƙwayoyin cuta ma bangon suke so. In naka ya riga, robar takan manne da nama ta yi wuyar kamuwa. In na cuta suka riga tun ranar tiyata, ko suka biyo allura daga baya suka tarar da jini ya kwanta a gefen huda, sai su kafa. Staphylococcus, dangin da suka fi yin wannan aika-aika, suna da ƙugiyoyi a jikinsu da ke kama wancan furotin daidai. Suna kamawa sai su hayayyafa, su fara fitar da yauƙi na sukari da furotin da tarkacen 'yan'uwansu da suka mutu, hawa kan hawa.

Mutum zai ɗauka yauƙin ne ke tare magani. Yana tarewa, amma ba shi ne babban abin ba. Waɗanda ke can ƙasa ba sa samun iska da abinci sosai, sai su daina girma, su yi lamo. Magunguna irin su fenisilin da danginsa da vankomaisin kuwa suna kama ƙwayar cuta ne lokacin da take gina bangonta za ta rabu biyu. Wadda ta yi barci ba ta gina komai, magani ya zo ya wuce ta. Tun 1944 wani malamin likitanci ɗan ƙasar Ailan, Joseph Bigger, ya lura cewa in ya zuba wa Staphylococcus fenisilin akwai 'yan tsirarun da ke tsira, ba don sun fi ƙarfin maganin ba, tunda in suka farka suka hayayyafa maganin na kashe 'ya'yansu, sai don ya same su a kwance. Shi ya sa a ɗakin gwaji, adadin maganin da zai kashe ƙwayar da ke yawo sai an ninka shi sau 100, wani lokaci har 1,000, kafin ya taɓa wadda ke cikin yauƙi. Ba jikin da zai ɗauki wannan.

Sojojin jiki ma ba su tsira ba. Fararen ƙwayoyin jini, masu haɗiye ƙwayar cuta ɗaya-ɗaya, sukan zo su tarar da abin da ya fi ƙarfin bakinsu, sai su zazzage gubarsu a wurin, gubar ta ci naman da ke kewaye. Nama ya saki robar, ruwa ya shiga tsakani, ɗinkin da ya haɗa ta da jijiya ya fara rauni. Lokaci-lokaci kuma guntun yauƙi ya ɓalle ya bi jini, musamman in an soka allura inji ya fara ja. Sanyin da ke kama ni ke nan.

Abin ba sabo ba ne. Dattin haƙori ma shi ne, kuma a 1683 Leeuwenhoek na Holan ya kankaro na bakinsa ya duba a madubinsa na ganin ƙananan halittu, har ya lura cewa kurkure baki da ruwan khal na waje kawai yake kashewa, ba ya ratsawa ciki. Sai a 1978 Bill Costerton na Kanada da abokansa suka fito suka ce ai yawancin ƙwayoyin nan haka suke rayuwa, a manne cikin taro, ba a warwatse ba. Amma labarin da ya tsaya mini a rai na zare ne. A 1957, a Landan, Elek da Conen suka yi gwaji a fatar mutanen da suka ba da kansu. Suka tarar sai an cusa Staphylococcus aureus wajen miliyan kafin fata mai lafiya ta yi mugunya. Da suka ratsa zaren siliki na ɗinkin tiyata ɗauke da ƙwayoyin, wajen 100 sun isa. Sili ɗaya ya sauƙaƙa wa cuta aiki sau 10,000. Ni da na girma da zare a baki, na dubi hannuna: in sili ɗaya ya yi wannan, ina ga bututun da ya haura inci 12?

Likitan tiyata ya sake ɗora na'urar hoto. Ya juyo mini da allon ya nuna wani baƙin layi da ya bi gefen robar. Ruwa ne. Ya ce da a ce guntu ɗaya ne a tsakiya ya kamu, da sai a yanke shi a zagaya da sabon guntu ta cikin nama mai lafiya. Amma wannan ya bi tsawonta har ya kusa bakin jijiya mai harbawa.

“Malam, fitar da ita za mu yi.”

“Ranka ya daɗe, robar nan da gonar gado aka saye ta. A taimaka a ƙara gwadawa.”

Ba ƙarya na yi ba. Daga waje ake shigo da ita, da dala ake lissafinta, rabona na gonar mahaifinmu Yaya ya sayar. Bayan kuɗin ma, cire ta na nufin komawa katetar wuya, ga shi hannun hagu ba shi da sauran jijiya. Ya yi shiru, suka yi shawara da likitan ƙoda, aka yarda da gwaji ɗaya: a tsaga wurin da ya tasa a wanke, a daina soka robar, a koma vankomaisin a haɗa da rifamfisin. Wannan na biyun maganin tarin fuka ne, yana cikin 'yan kaɗan da ke iya ratsa yauƙin Staphylococcus su taɓa na kwance. Ba a ba da shi shi kaɗai, don ƙwayoyin na saurin koyon kauce masa, kuma likitocinmu suna taka-tsantsan da shi saboda masu tarin fuka da ke dogara da shi, sai da aka yi mini hoton ƙirji tukuna. Ɗan fitsarin da ya rage mini ya koma ja, gumi ya ɓata mini farar singileti. Jinina kuma ya hau, don rifamfisin yana sa hanta ta cinye wasu magungunan hawan jini da sauri, sai da aka sauya mini su.

Zazzaɓi ya sake ɗaukewa, amma tsagar ta ƙi rufewa. Wata safiya uwargida na warware bandeji, ta tsaya ta ce, “Malam, mene ne wannan farin?” Na leƙa. A ƙasan gyambon, tsakiyar jan nama, ga wani fari mai sheƙi da bai kai faɗin farce ba. Na san shi, na taɓa riƙe irinsa a ofishin likita.

Da robar ta fito fili zance ya ƙare. Jinin da ke bi ta cikinta yakan kai lita guda a minti, mutum kuwa gaba ɗayansa wajen lita 5 ne. In ɗinki ya saki ko bangon ya fashe, ba a kai wa asibiti daga unguwarmu. Likita ya kira uwargida ya nuna mata a hannunsa: “Hajiya, in kika ga jini, ko ɗigo ne, ki ninka tsumma mai tsafta ki danne da duk ƙarfinki, ki ɗaga hannun, kada ki saki don ki leƙa.” A ranar aka ba ni gado.

Aka yi mini wanki ta katetar cinya kafin aiki. A ɗakin tiyata ba a sa ni barci ba, allura aka yi mini a saman ƙashin wuya, hannun ya mutu ya yi nauyi, aka tare mini fuska da ƙyalle. Ina jin ƙarar ƙarafa, ina jin ana ja amma ba zafi. Sai na ji likita yana ce wa mataimakinsa, “Ka gani ko? Ko kamawa ba ta yi ba.” Daga baya ya bayyana mini: roba mai lafiya sai an yi ta yanka kafin a raba ta da nama, wadda ta kamu kuwa zarewa take yi salin-alin, don yauƙi ya riga ya raba su. Inda aka fi daɗewa shi ne bakin jijiya mai harbawa. Wasu likitocin sukan bar ɗan guntun roba a nan in wurin bai kamu ba, don kada a taɓa jijiyar da ke ciyar da hannu. Shi bai bari ba, ya cire duka, ya yanko guntun wata jijiyata ya yi wa ramin faci.

Na roƙa a nuna mini ita. Aka kawo a ƙaramin kwanon ƙarfe. Farin nan ya koma ruwan toka, ta yi laushi, wani abu mai yauƙi ya lulluɓe ta. Wurare biyu sun rarake da huda kusa da kusa har bangon ya yi sirara, sauran tsawonta kuwa kusan ba a taɓa ba.

'Yar ƙanwata ta riga ta ja mini kunne: kada a jefar, a sa guntu a kwalba mai tsafta a kai ɗakin gwaji. Auduga da aka sha gogawa a bakin gyambo ba ta taɓa nuna abin kirki ba, don masu laifin suna manne ba sa biyo auduga. Tun 1987 Dennis Bandyk da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa in aka jijjiga robar da sauti mai ƙarfi a cikin ruwa, yauƙin na wargajewa, ƙwayoyin da a da ba a gani sai su tsiro. Ba kowane ɗakin gwaji ke da wannan injin ba. Namu a na'urar girgiza suka kaɗa guntun, suka jefa shi a ruwan shuka, suka bar shi ya fi kwanakin da aka saba bari. Sakamako ya fito: Staphylococcus epidermidis, irin wanda dangin fenisilin ba sa ci, wato alluran taifot ɗin nan duk a banza suka tafi. Ƙwaya ce da ke fatar kowa, har da mai karanta wannan, ba ta cutar da mai lafiya. Ba ta da dafin ɗan'uwanta aureus, wanda kan kwantar da mutum cikin kwanaki ya haye kan ƙofofin zuciya. Ita gwanintarta ɗaya ce, mannewa a kan roba, shi ya sa ta yi watanni tana cina a hankali. Duk da haka aka yi mini hoton zuciya, aka tarar lafiya.

Ba a ɗinke tsagogin ba. In aka rufe fata a kan wurin da ya kamu, mugunya ce za ta taru, don haka aka bar su a buɗe ana cusa gozi, nama na cikowa daga ƙasa. Wankin gyambon nan da safe ya fi tiyatar kanta zafi nesa ba kusa ba, zan faɗa ko a gaban wa. Alwala kuwa shafa nake yi a kan bandeji.

A ɗakin da aka kwantar da ni na gane tawa mai sauƙi ce. Dattijon da ke gadon kusa da ni ciwon suga ya toshe masa jijiyar ƙafa, aka yi masa zagaye da roba daga matsematsi zuwa gwiwa, ta kamu a matsematsin, wurin da ya fi ko'ina kamuwa saboda gumi da lanƙwasa da kusanci da bayan gida. Ni an cire tawa hannuna na nan da jijiyoyinsa na asali. Shi robar ce ke ciyar da ƙafar, in an cire dole a sami wata hanyar nan take, in ba haka ba ƙafa ta tafi. Wanda tasa ke babbar jijiyar ciki kuwa, rai ne kacokan a kan tebur. Littattafan likitoci na cewa tsakanin 1 zuwa 6 cikin 100 na irin waɗannan robobi ke kamuwa, gwargwadon inda aka sa su. Dabarun da ake da su: a maye da jijiyar mutum ta cikin cinya, ko jijiyar mamaci da aka adana a sanyi, ko sabuwar robar da aka jiƙa da rifamfisin ko aka shafe da azurfa. Wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, sai a bar shi a kan magani iya rayuwarsa, ana danne ƙwayoyin ba a kashe su.

Bayan an cire, maganin nan dai da ya kasa sau biyu, vankomaisin, shi aka ci gaba da ba ni na wasu makonni. Aka tsaya. Muka zuba ido. Sati ya wuce, wata ya wuce, sanyi bai dawo ba. Cin abinci ya dawo, jinina ya fara ƙaruwa da adadin allurar ƙarin jinin da a da ba ta yi mini komai, don kumburin da ke ɓoye a jiki yana hana ta aiki.

Saura ƙofa. Da jini ya nuna babu sauran ƙwaya, aka zare ta cinya aka sa mini katetar wuya mai bi ta ƙarƙashin fata. Ita ma roba ce, yauƙi na kama ta cikin kwanaki, kuma a cikin ƙofofi ukun ita ce ta fi kawo cuta a jini. Na koma wanka da tsumma daga ƙirji zuwa sama. In za a buɗe bakinta, ni da Sista duk mu sa takunkumi, in juya fuska. Likitan tiyata ya koma hannun dama, wanda a farko aka bar mini saboda almakashi, ya sami wata jijiya a can cikin damtse da masu ƙarin ruwa ba su taɓa kai wa gare ta ba, don ta yi zurfi. Aka haɗa ta da mai harbawa, da ta yi ƙarfi aka sake shiga aka ɗago ta kusa da fata. Da ita ake yi mini wanki yanzu. Yankan shadda mai kauri na bar wa yarona, ni ina awo ina taka keke. Kafin a soka ni nakan wanke hannun da sabulu a famfon bakin ɗaki, in jira maganin shafawar ya bushe, in kuma nuna sabon wuri ko da zai fi zafi.

Akwai wani abu da na tsinta a karatun nan da ban ji ana yawan faɗa ba. Robar da ta toshe ta daina aiki ba kasafai ake cire ta ba, akan bar ta a hannun a yi wa mutum wata ƙofar. Irin wannan na iya riƙe yauƙi a ɓoye, ba ja ba kumburi, sai dai mai ita ya yi ta rama, jininsa ƙasa, ɗan zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Wani bawan Allah da muke wanki rana ɗaya yana da irinta a hannun hagu, kuma an yi masa maganin maleriya har ya gaji. Na yi wa Sista maganar, ta gaya wa likita. An rubuta masa hoton hannu da shukar jini kafin a ba shi kowane magani, ranar Talata ƙanensa zai kawo shi da wuri kafin layi ya yi tsawo.